Ka Share Disk Ɗin

Zalia ta bar wa 'yarmu murya arba'in da ɗaya. Haka nake kiran su, don ban san sunan da ya fi dacewa ba: fayil arba'in da ɗaya a cikin folda mai suna SHERIFA, a tsohuwar laftof ɗina baƙa wadda harafin E ya goge a jikinta. A watanni huɗun ƙarshe na jinyarta, da na dawo da ita daga asibiti ta ɗan huta, sai ta ce in ɗora mata kwamfutar a kan matashi, in fita in ja ƙofa. Ni da na auro ta tun daga Aboabo ta Kumasi, ni ake kora falo kamar baƙo. Ta bayan ƙofa nakan ji tana magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, wani lokaci ta yi shiru mai tsawo. Ban taɓa jin abin da take cewa ba.

Sharaɗi ɗaya ta gindaya, kuma a gabana ta faɗa wa yarinyar. Sherifa a nan Bronx aka haife ta, a ƙasar Turawa. Tana jin Hausa tsaf, ko zagin ta ka yi a ɓoye za ta gane, amma amsa sai da Turanci. Shekara goma sha tara uwarta na fama da ita a kan wannan. Saboda haka ta riƙe hannunta ta ce, "Kada ka buɗe su sai ranar da za ka iya ba ni amsa da Hausa." Mu 'yan Zango ba ruwanmu da ka da ki, mace da namiji duk ka ne a bakinmu, mutanen Kano da na Nijar sun yi mana dariya har sun gaji. Sherifa ta yi alkawari tana kuka, da Turanci. Zalia ta rasu a watan Mayu na 2015.

Daga nan yarinyar ta sayi wani ɗan littafi mai bango ja. Tana karatun kwamfuta a wata jami'a can Buffalo, tafiyar awa takwas a bas, amma duk Lahadi sai ta buga wa Anti Adjara waya, aminiyar uwarta da ke hawa na huɗu a gininmu na Parkchester, ta tambayi kalmomi tana rubutawa. Ta sa wa kanta rana. Ranar addu'ar shekara za ta buɗe foldar.

Ni kuma fa, tasi nake ja, shekara ashirin da biyu. Bayana ya gaji, gwiwata ta gaji, ga motocin da ake kira ta waya sun cika gari, sai ka wuni a filin jiran fasinja na JFK kana kallon jirage suna sauka ba naka a ciki. Sai na ji ana koyar da aikin kwamfuta kyauta ranar Asabar a wata cibiya kusa da mu. Na shiga, ni da furfurata a cikin 'yan shekara ashirin. A sati na uku malamin ya ce kowa ya sa Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, a laftof ɗinsa, ba tare da ya taɓa Windows ɗin da ke ciki ba. Ya ce disk, wato rumbun da kwamfuta ke ajiye komai, za a raba shi biyu, kowanne da ɓangarensa, idan ka kunna sai ta tambaye ka wanne za ka shiga. Wannan ban sha wahalar ganewa ba. Shekarata ta farko a garin nan ɗaki ɗaya muka raba da wani direba ɗan Tamale da katakon filawud.

Da Sherifa ta zo hutun bazara na nuna mata takardar malamin. Ta ce abu ne mai sauƙi. Na gan ta zaune da laftof ɗin da wata 'yar filas shuɗiya, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, kusan awa guda, ta miƙo mini ta ce Ubuntu ne a ciki, irin Linux ɗin da malamin yake so, in na tashi sawa in kira ta. A raina na ce madalla, ta kwashe muryar uwarta ma ta ajiye. Ban tambaye ta ba. Mutum ya ga 'yarsa da filas da kwamfuta, shi ke nan ya yanke hukunci, wai shi mai hankali.

Ranar wata Talata ce cikin Afrilu, da hantsi. Ina layi a filin JFK, motoci sun fi ɗari biyu a gabana, na san sai na yi awa uku. 'Yan Nijar sun shimfiɗa kwali a gefe suna shan shayi, wani ɗan unguwar Nima ta can gida yana sayar da waakye, wake da shinkafa irin namu, daga but ɗin motarsa. Ni ko ban fita ba. Na tura kujera baya, na jingina laftof da sitiyari, na soka filas, na kunna ina danna F12 kamar yadda aka rubuta mana. Abin ya tashi. Na zaɓi harshe, na wuce, na wuce, har na iso shafin da ya tsayar da ni. Zaɓi na farko ya ce a sa Ubuntu kusa da Windows. Na biyu ya ce Erase disk, wato a goge rumbun gaba ɗaya a sa Ubuntu shi kaɗai, da gargaɗi a ƙarƙashinsa.

Wallahi na san na farkon nake so. Yatsana yana kansa. Amma Zalia tana cikin akwatin nan, sai tsoro ya kama ni, na ce bari in tambayi mai ilimin abin. Na kira Sherifa ba ta ɗauka ba. Na ɗauki hoton shafin da waya na aika mata. Ba a yi minti biyu ba amsa ta shigo.

"Baba ka share disk din da Windows."

Na karanta sau uku. Abin da saƙon ya ce bai fara shiga kaina ba, harshen da ya zo da shi ne ya fara shiga. Tun da aka haifi yarinyar nan ba ta taɓa rubuto mini jimla ɗaya da Hausa ba. Ga ta yau, kalma bakwai, kowace a mazauninta. Na ji ƙwalla ta cika mini ido a cikin tasi, ina ta murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Na ce Zalia, da kana nan da ka gani.

Sai daga baya na dubi ma'anar. In share disk ɗin, da Windows ɗin duka. Na ɗan yi turus. Amma na ce wataƙila haka ake yi, a share wuri tas sannan a zuba biyun sabo, kamar yadda ake kwashe kaya kafin a yi wa ɗaki fenti. Ita ce ke karatun abin, ni wa? Duk da haka na rubuta mata, "Ka tabbata? Abin Mamanka fa?"

"Eh Baba na tabbata. Babu abinda zai taba Mama. Na shiga exam."

Hausa kuma! Daidai nan layi ya motsa, na bayana ya ɗora hannu a kan oda kamar an ce masa gobara ta tashi. Ni mutum ne mai gaggawa, Zalia ta sha faɗa mini. Na zaɓi na biyun. Kwamfuta ta sake tambaya ko na tabbata, ta yi iya nata, ba zan ɗora mata laifi ba. Na danna, na ajiye ta a kujerar gefe, na ja mota. Ina kan hanyar kai wata mata da akwatunanta Brooklyn, kwamfutar kuma tana gefena tana aikinta, wani ɗan layi yana cika a hankali.

Da na sauke matar na tsaya a bakin titi na sake kunna kwamfutar, ina jiran shafin nan da zai tambaye ni wanne zan shiga. Ba ta tambaye ni komai ba. Kai tsaye ta buɗe Ubuntu, fuska mai launin shunayya, tsaf, babu ko folda ɗaya tawa. Na kashe na kunna. Na kashe na kunna. Na ce wataƙila na yi kuskure wajen sawa, sai na soka filas na sake sa shi daga farko. Wannan ma wauta ce a kan wauta, amma ban sani ba tukuna.

Bayan la'asar Sherifa ta kira, muryarta wasai, da Turanci kamar kullum. Ta ce jarrabawa ta yi kyau. Sannan ta ce, "So did you share it? Nawa ka ba Windows, half?"

Sheya ta ce. Ba share ba, sheya, irin ta Turawa.

Na ce, "Me ka ce?"

"Share, Baba. A raba. Rabi na Windows, rabi na Ubuntu, option ɗin farko." Ta yi dariya. "Ka ga na rubuta Hausa? Na manta kalmar raba ne lokacin, sai na sa English. Kowa haka yake yi ai."

Gaskiyarta, kowa haka yake yi. Ni kaina sau nawa na ce wa mutum ka park motar, ka charge wayar? Na daure na ce mata na gani, Hausarta ta yi kyau ƙwarai. Sannan na tambaye ta, kamar ba komai, ko muryar Mamanta na cikin filas ɗin nan shuɗiya.

Ta ce a'a, abin sawa ne kawai a ciki. Ta ce ta so ta kwafe su ranar, ta kai hannu kan foldar sai ta kasa. "Ko sunan files ɗin ban iya kallo ba, Baba. Why?"

Na ce ba komai, fasinja ya shigo. Babu kowa a motar.

Akwai wani mutumin Maraɗi, Mahamadou, mai gyaran waya da kwamfuta a wani ɗan shago a unguwar Jamaica kusa da JFK, tsakanin mai sayar da takalma da mai aski. Direbobinmu duk wurinsa suke zuwa. Na ajiye masa laftof na ba shi labari, na nuna masa saƙon. Ya karanta shi yadda na karanta shi, ya ɗago ya dube ni.

"To ai ita ta ce ka share."

Na faɗa masa yadda ta furta shi a waya. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Sau nawa ka sa Ubuntu ɗin?"

Na ce biyu.

"Mon frère, don mi? Da ka gani babu, sai ka kashe ta ka kawo. Abin da aka goge shina nan kwance har sai an rubuta wani bisa kanshi. Kai ka rubuta, ka koma ka rubuta." Ya girgiza kai. "Bar ta. Ban yi maka alkawari ba."

Kwana uku tana wurinsa. Kwana ukun nan na ja mota, na yi salla, na ci abinci, amma ba zan iya gaya maka ko fasinja ɗaya da na ɗauka ba. Ranar Juma'a ya kira ni. Ya tono fayil sun fi dubu shida, duk ba suna, lambobi kawai. Hoton lasisina ya dawo. Hotunan wani biki na mutanen da ban ma sani ba sun dawo. Wasan kati da Sherifa ke yi tana ƙarama ya dawo lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Cikin murya arba'in da ɗaya kuwa, ya ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙara ce kawai kamar rediyon da ya ɓace tasha, sai guntu ɗaya mai daƙiƙa goma sha ɗaya. Ya sa mini abin ji a kunne, ya juya baya yana gyara wayar da ba ta lalace ba. Na saurara sau ɗaya. Na fita na zauna a bakin shagon mai takalma na yi kuka, mutane suna ratsa ni suna wucewa.

A hanyar gida na yanke shawara. Uwarta ta tafi, muryar uwarta ta tafi, ba zan ƙara mata da cewa jimlarta ta farko da Hausa ce ta kwashe su ba. In ta san haka, bakinta ba zai sake buɗewa da harshen nan ba har abada. Kuma ai ni na danna. Na kira ta na ce hannuna ya zame, layi ya motsa, na danna na biyu maimakon na farko, komai ya tafi.

Ta ce, da Turanci mai sanyi irin wanda suke yi wa baƙo a ofis, na rubuta maka abin da za ka yi, ka tambaye ni na tabbatar maka, maɓalli ɗaya ne, Baba, ɗaya. Ta ce kullum cikin sauri nake, ko ranar da aka kwantar da Mama a asibiti ina duba agogo saboda mota. Wannan ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Na ce ta yi haƙuri. Ta kashe wayar.

Sati biyar muna haka. In na rubuta mata, amsa kalma ɗaya, ok, fine. Hausa ta ɗauke ɗif. Guntun nan na daƙiƙa goma sha ɗaya ban faɗa mata ba, na sa shi a laftof na kuma sa a filas biyu, na ce sai ta zo in ba ta hannu da hannu. Ajin Asabar na ci gaba da zuwa don kada in zauna a gida. Malamin ya duba tawa ya ce ina Windows ɗin, na ce ya tafi. Ya ce ba komai, ai Linux ya fi. Na dube shi kawai, don in na buɗe baki za a kore ni daga ajin.

Sherifa ta iso ranar Juma'a, addu'ar shekara kuma Lahadi. Ta gaishe ni a tsaye, ta shige ɗakinta. Ranar Asabar da safe Anti Adjara ta sauko da manyan tukwane biyu, ta mamaye kicin, ta jiƙa wake, ta ɗora shinkafa, tana ba kowa umarni har da ni. Sherifa na zaune a kujerar cin abinci, littafin nan ja a gabanta. Ashe ba ta daina Hausar ba. Ni kaɗai ta daina yi wa.

"Sherifa, ka zauna nan kamar amarya," in ji Adjara daga kicin. "Tashi ka share falo ɗin nan, gobe malamai za su zauna ƙasa. Datti ya yi yawa paa."

Yarinyar ta miƙe ta ɗauko tsintsiya a bayan firji. Wannan kalma ta san ta tun tana rarrafe, uwarta ta faɗa mata ita sau dubu. A kunne ta san ta. Sai ta tsaya, ta jingina tsintsiyar, ta ɗauki biro.

"Anti, ba ni da wannan a book. How do you spell it?"

Ina tsaye ina ninke dardumai. Na ce, "Adjara, shinkafanka na kamawa." Ban san muryata za ta fito da ƙarfi haka ba.

"Shinkafana lafiya lau, Kudus, bar ni da yaro." Ta leƙo da ludayi a hannu. "Rubuta. S. H. A. R. E."

Na ga biron yana tafiya, harafi bayan harafi. Na ga ya tsaya. Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta zaro waya daga aljihun wandonta, ta ja saƙonninmu baya, baya, ta wuce duk ok da fine ɗin nan har ta iso Afrilu. Leɓenta ya motsa. A karo na biyu ta karanta a fili, a hankali, kowace kalma da Hausa, yadda ni da Mahamadou muka karanta.

"Baba, ka share disk ɗin, da Windows."

Adjara ta ce wane disk kuma, ba wanda ya kula ta. Sherifa ta ɗago ta dube ni. Ban taɓa ganin fuskar uwarta a fuskarta kamar ranar ba.

"Baba, ni ne?"

Na ce, "Ni na danna."

"Ni na ce ka yi."

"Ni na danna, Sherifa. Na ga gargaɗi da idona. Farin ciki ne ya rufe ni, ka rubuto mini Hausa."

Ta zame ta zauna a ƙasa kusa da tsintsiyar, ta rufe baki da hannu biyu. Kukan bai ma fito ba, kafaɗunta ne kawai ke rawa. Duk abin da na ɓoye sati biyar ya fito a banza. Sai na shiga ɗaki na ɗauko laftof ɗin, na zauna a ƙasa gefenta na kunna. Ta buɗe kai tsaye kamar kullum, ba ta tambaye mu komai ba. Na ce mata abu ɗaya ya tsira, ɗan kaɗan ne, kuma ni a ganina ta cika sharaɗin. Na danna.

Aka ji ƙarar matashi, da numfashi. Sannan Zalia, da muryarta ta lokacin da sauran ƙarfi.

"Yana ɗauka? Kudus, to fita mana, ja ƙofa." Aka ji ƙofa ta rufu. Ta yi gyaran murya. "Sherifa. Sherifa, kana ji na?"

Daga nan sai ƙara, sai shiru. Adjara na tsaye a ƙofar kicin, ludayi na ɗiga a ƙasa.

Sherifa ta matsa kusa da kwamfutar, ta sauke hannu daga bakinta.

"Ina ji, Mama," ta ce. "Ina jin ka. Ci gaba."